Paul Lauterbur: Ya ƙirƙiro hoton ƙwaƙwalwa, wasu suka ci kasuwar

Duk wanda ya taɓa ɗauko ɗan'uwansa daga Gidan Sori zuwa Maraɗi saboda shanyewar ɓarin jiki, likita ya ce sai an wuce Yamai ko Kano an yi hoton ƙwaƙwalwa, ya san kuɗin ba na wasa ba ne. Na'urar ita ce MRI, mu a Nijar muna ce mata IRM. Yau za mu kawo muku tarihin wanda ya buɗe wannan hanya.

An haifi Paul Lauterbur ranar 6 ga Mayu, 1929, a garin Sidney na jihar Ohayo a Amurka. Ba likita ba ne, ilimin sinadarai ya karanta, ya kuma koyar a jami'ar Stony Brook.

A 1971 yana riƙe da wani kamfanin na'urori da ke neman karyewa. Yana zaune a gidan cin abinci dabarar ta faɗo masa. Tun kafin shi masana sun san cewa ruwan jikin mutum yana amsawa idan aka sa shi cikin maganaɗisu mai ƙarfi aka aika masa igiyar rediyo. Amma amsar kamar hayaniyar kasuwa ce, ba ka san rumfar da murya ta fito ba. Shi sai ya sa ƙarfin maganaɗisun ya bambanta daga gefe zuwa gefe, kowane wuri ya samu muryarsa. Ta haka ake ganin cikin kai ba tare da an tsaga ba.

Mujallar Nature ta fara ƙin aikin nasa, sai a 1973 ta buga. Abin da zai fi ba 'yan kasuwa haushi shi ne, jami'arsa ta ƙi yi wa dabarar rajistar mallaka, wai kuɗin da za a kashe ba zai dawo ba. Mu dai ba mu taɓa jin asarar ciniki irin wannan ba, domin manyan kamfanoni ne suka riƙa ƙera na'urar suna sayarwa a duniya.

A 2003 aka ba shi kyautar Nobel tare da Peter Mansfield na Ingila, wanda ya sa hoton ya riƙa fitowa da sauri. Ciwon ƙoda ya yi ajalinsa ranar 27 ga Maris, 2007, a garin Urbana, yana da shekara 77.