Labarin Paparoma Benedikt na 15

Idan aka ce ɗaliban kwalejin nan su faɗi sunan wani Paparoma na ƙarni na 20, na tabbata galibinsu za su ce Piyus na 10, ko Yohanna na 23, ko kuwa Yohanna Bulus na 2. Da wuya a sami mai ambaton Benedikt na 15. To, labarinsa nake so in bayar a nan, gama a ganina abin da ya yi cikin shekara 7 da 'yan watanni ya isa a riƙa tunawa da shi.

Sunansa na baftisma Giacomo della Chiesa, watau Yakubu ke nan da bakinmu. An haife shi a Jenuwa, wani birni na bakin teku a ƙasar Italiya, ran 21 ga Nuwamba, 1854. Ɗan manyan gida ne, amma ba shi da ƙarfin jiki. Gajere ne siriri, kafaɗarsa ɗaya ta ɗara ɗaya, yana kuma ɗan ɗingishi. Tun yana yaro ya so zama fada, ubansa kuwa ya ce sai ya fara karanta shari'a tukuna. Ya bi maganar uban, ya gama karatun shari'a a jami'ar garinsu cikin 1875, sa'an nan ya tafi Roma. Aka naɗa shi fada cikin Disamba, 1878.

Maigidansa na fari shi ne Mariano Rampolla, wanda aka aika Madrid jakadan Paparoma, ya tafi da shi magatakarda. Cikin 1887 Paparoma Leo na 13 ya kira Rampolla ya mai da shi wazirinsa, della Chiesa ya biyo shi Roma, ya shekara 20 yana aiki a ofishin waziri. A can ya koyi halin Leo, watau neman shiri da gwamnatoci da masu ilmi maimakon a rufe ƙofa a yi ta zage-zage.

Da Leo ya rasu cikin 1903, mutane da yawa suna tsammani Rampolla zai gaje shi. Ana cikin zaɓe sai wani kadinal ya tashi ya ce Sarkin Ostiriya bai yarda da Rampolla ba. Aka zaɓi Piyus na 10, ya ɗauki Merry del Val waziri. Daga nan mutanen Rampolla suka zama 'yan baya.

A nan ne rigimar ta taso, sai ku yi haƙuri in ɗan tsaya a kanta. A zamanin nan waɗansu malamai na Ikilisiya sun shiga binciken Littafi Mai Tsarki da tarihin Ikilisiya yadda ake binciken sauran tsofaffin littattafai. Waɗansunsu sun wuce gona da iri, har suka taɓa tushen bangaskiya. Piyus na 10 ya la'anci wannan ra'ayi, wanda ake kira ra'ayin 'yan zamani, cikin wata doguwar wasiƙa a 1907, kuma a 1910 ya sa kowane fada da malamin seminari ya yi rantsuwar ƙinsa. Wannan aikin Paparoma ne, ba ni da ta cewa. Amma sai waɗansu suka ga sun sami sanda. Suka raɗa wa kansu suna cikakkun Katolika, ka ce sauran rabi-rabi ne. Wani fada mai suna Umberto Benigni ya kafa ƙungiya a 1909, ana ce da ita Sodalitium Pianum. 'Yan ƙungiyar ba su da yawa, amma suna warwatse cikin ƙasashen Turai, suna rubuta wa juna wasiƙu da sunayen ɓoye, suna tattara abin da malami ya faɗa a aji, da irin jaridar da bishof ke karantawa, su aika Roma.

Ba masu laifi kaɗai abin ya ci ba. Kadinal Ferrari na Milan ya sha tsangwama ƙwarai daga jaridun mutanen nan, ga shi a 1987 Ikilisiya ta sa shi cikin masu albarka. Fada Lagrange, wanda ya kafa makarantar nazarin Littafi Mai Tsarki a Urushalima, ya bar makarantarsa a 1912 har wajen shekara guda. Akwai kuma wani saurayin fada mai koyar da tarihi a seminarin Bergamo, wanda aka ja wa kunne daga Roma don ana zato yana karanta littafin da ba a so. Sunansa Angelo Roncalli, shi ne ya zama Yohanna na 23 a 1958. Mu da muke koyon aikin malanta ya kamata mu fi kowa gane wannan. Wane irin darasi malami zai bayar, in ya san cikin masu sauraronsa akwai mai rubuta kalmominsa don kai ƙara?

Shi della Chiesa, a ƙarshen 1907 aka fid da shi daga ofishin waziri aka naɗa shi Babban Bishof na Bolonya. A ido girma ne aka ba shi, amma kowa ya san an nisantar da shi ne. Bisa al'ada mai riƙe da Bolonya kadinal ne, shi kuwa aka bar shi fiye da shekara 6 ba a ba shi jar hula ba, sai cikin Mayu, 1914. Bai kafa nasa ɓangare ba. Ya shiga zaga coci-cocin ƙasarsa, har na kan duwatsu, yana duba yadda ake koya wa yara katekizim.

Wata 2 da 'yan kwanaki bayan samun hular, yaƙin duniya na fari ya ɓarke, Piyus na 10 ya rasu ran 20 ga Agusta. Ran 3 ga Satumba aka zaɓi della Chiesa. Ƙuri'un da ya samu daidai suke da abin da doka ta nema, ba ƙari ko ɗaya, har masu ƙinsa suka ce sai a duba ko ya jefa wa kansa. Aka duba, aka ga bai yi ba. Ya ɗauki sunan Benedikt don tunawa da Benedikt na 14, wanda shi ma ya riƙe Bolonya.

Wasiƙarsa ta fari ga dukan bishof-bishof ta fito ran 1 ga Nuwamba, 1914. A ciki ya sake la'antar ra'ayin 'yan zamani, kada wani ya ce ya sassauta koyarwa. Sa'an nan ya juya kan ɗaya gefen. Ya hana Katolika su riƙa ƙara wa sunansu wani laƙabi don su bambanta kansu da 'yan'uwansu, gama bangaskiya ba ta da cikakkiya da rabi, ko dai mutum ya karɓe ta duka ko ya ƙi ta duka. Ya ce a kan abin da Ikilisiya ba ta yanke hukunci ba, kowa yana da izni ya faɗi ra'ayinsa ya kāre shi, amma ban da zagi, kuma kada mutum ya tuhumi bangaskiyar ɗan'uwansa don kawai sun saɓa. Ya ce kada wani ya naɗa kansa malamin Ikilisiya ta hanyar littafi ko jarida. Ya sauke Merry del Val daga waziranci, bayan ɗan lokaci Kadinal Gasparri ya hau. Ƙungiyar Benigni kuwa, sojan Jamus suka kama takardunta a garin Gent na Beljiyam a 1915, asirinta ya tonu, aka rushe ta a 1921.

Ba zan ce ya gama aikin ba. Merry del Val ya koma shugabancin ofishin da ke tsaron koyarwa, rantsuwar 1910 kuma ta zauna har 1967, malaman Littafi Mai Tsarki suka daɗe suna tafiya a ɗarare. Waɗansu suna ganin ya yi sanyin hannu. Ni dai ina ganin da ya kori masu kora, ya hukunta masu kai ƙara ɗaya bayan ɗaya, da ya zama shugaban wani sabon ɓangare ke nan.

Halin nan nasa shi ya riƙe wajen yaƙi. Akwai Katolika cikin sojan Faransa da Italiya, akwai cikin na Jamus da Ostiriya, kowane gefe yana so ya ce su ke da gaskiya. Ya ƙi. Faransawa suka ce Paparoman Jamus ne, Jamusawa suka ce na Faransa ne. Ya roƙi a tsai da wuta don Kirsimeti a 1914, ba a ji ba. Ran 1 ga Agusta, 1917, ya aika wa shugabannin ƙasashe shawarwarin sulhu, suka watsar. Sai ya sa ƙarfinsa wajen fursunonin yaƙi, da neman waɗanda suka ɓace, da ciyad da yara masu yunwa, har baitulmalinsa ya kusa ƙarewa. A Santambul, inda galibi Musulmi ne, aka tara kuɗi aka kafa mutum-mutuminsa a 1921 don godiya.

Akwai abin da ya shafe mu nan Afirka. Cikin Nuwamba, 1919, ya rubuta wasiƙa kan aikin mishan, ya gargaɗi 'yan mishan kada su zama 'yan aiken ƙasashensu, ya ce su koyi harshen mutane sosai, su kuma hori 'yan ƙasa su zama fada-fada da cikakken ilmi, waɗanda wata rana za su riƙe Ikilisiya da kansu. A 1920 ya sa shahidan Uganda 22 cikin masu albarka. Shekara 34 bayan wannan, a 1954, aka naɗa Dominic Ekandem bishof, ɗan Nijeriya na fari da ya sami wannan matsayi cikin Ikilisiyar Katolika.

Cikin Janairu, 1922, mura ta kama shi, ta koma ciwon huhu. Ya rasu ran 22 ga watan yana da shekara 67, aka binne shi a ƙarƙashin babban cocin Waliyyi Bitrus a Roma. Allah ya ba shi hutawa.