Farfesa Latunde Odeku: Likitan da ya assasa tiyatar ƙwaƙwalwa a Najeriya

Abuja – Duk lokacin da aka zo tarihin yaƙi da ciwon dajin ƙwaƙwalwa a Najeriya, sunan Farfesa Emanuel Latunde Odeku ne ke zuwa a sahun gaba, domin shi ne ɗan ƙasar nan na farko da ya ƙware a tiyatar ƙwaƙwalwa.

An haife shi a Legas ranar 29 ga Yuni, 1927. Ya kammala karatun likitanci a Jami'ar Howard da ke Amurka a 1954, sannan ya samu horon tiyatar ƙwaƙwalwa a Jami'ar Michigan. Ga aiki da ɗaukaka suna jiran sa a can, amma ya zaɓi dawowa gida a 1962, inda ya kafa sashen wannan tiyata a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan.

A wancan zamani, masana da dama a Turai na ganin cewa ba kasafai ƙari ke fitowa a ƙwaƙwalwar baƙar fata ba. Odeku da abokan aikinsa, ciki har da Adelola Adeloye, sun duƙufa wajen tattara bayanan marasa lafiya, suna rubuta irin ƙarin da suka cire da kuma wurin da ya tsiro. Aikin nasu ya nuna cewa cutar tana nan daram. Ƙarancin likitoci da kayan gwaji ne ya ɓoye ta.

Makamin Odeku a lokacin shi ne wuƙar tiyata da madubin duba ƙananan halittu, kuma da kamannin ƙari ake raɗa masa suna. Yanzu lamarin ya sauya. Tun daga 2016, Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da gwajin ƙwayoyin gado cikin tsarin tantance ire-iren wannan ciwo. Ƙari biyu na iya yin kama da juna a ido, amma sauyi a ƙwayar gado mai suna IDH ya bambanta tsawon rayuwar masu ɗauke da su. Akwai kuma wani nau'i mai tsanani da ba a cika samu ba, wanda ya fi kama yara a tsakiyar ƙwaƙwalwa. A 2012 aka gano sauyin H3 K27M da ke tattare da shi.

Odeku bai ga wannan ci gaba ba. Ya rasu a Landan ranar 20 ga Agusta, 1974, yana da shekara 47.

Har yau galibin binciken ƙwayoyin gado a kan marasa lafiyar Turai da Amurka ake yin sa. Cike wannan giɓi, kamar yadda Odeku ya cike na zamaninsa, na daga cikin ƙalubalen da ke gaban Cibiyar Bincike da Kula da Ciwon Daji ta Ƙasa da ke Abuja.