Malam Muhammadu Bakatsine, Gwanin Hatimi

Malaman makaranta da ke fama da yara a kan murabba'i da sauran siffofi masu kusurwa huɗu, ya kamata su san labarin Malam Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafillacen Katsina, wanda Larabawa ke kira Alkashnawi.

Ya yi karatu wurin Shehu Muhammadu Alwali na Bagarmi, sa'an nan ya tafi aikin Hajji. Bayan ya sauke farali sai ya zauna a Alƙahira, bai sake komowa gida ba. Wajen shekarar 1732 ya gama littafinsa Bahjatul Afaƙ, wanda ke bayanin yadda ake gina hatimi.

To, jama'a sun ɗauki hatimi aikin tsibbu ne kurum, amma cikinsa akwai lissafi tsantsa. A zana murabba'i mai gida tara, a zuba 1 zuwa 9, a sa 5 a tsakiya. In an jera daidai, kowane layi, a tsaye ko a kwance ko daga kusurwa zuwa kusurwa, 15 zai bayar. Mai gida 25 kuwa 65. In tsawo ya ɗara faɗi aikin ya ɓaci, don layin karkace ba zai faɗa kusurwa ba. Malam ya nuna ƙa'idodin cika irin waɗanda gefensu mara ne, watau 3, 5, 7 har gaba.

Ya rasu a 1741 a gidan amininsa Hasan Aljabarti, wanda ya ɗauki wannan ilmi wurinsa. Ɗan Hasan, Abdurrahman mai tarihin Masar, shi ya rubuta labarinsa.