Jean Purdy

Jean Marian Purdy (25 ga Afrilu, 1945 – 16 ga Maris, 1985) ma'aikaciyar jinya ce kuma mai bincike kan ɗan tayi, 'yar ƙasar Birtaniya. Ita da Robert Edwards da likita Patrick Steptoe ne suka samar da hanyar IVF, wato haɗa ƙwan mace da maniyyi a ɗakin gwaje-gwaje sannan a dasa ɗan tayin a mahaifa.

Farkon rayuwa

An haife ta a birnin Cambridge da ke Ingila. Ta yi karatun jinya a asibitin Addenbrooke's, daga baya ta yi aiki a Southampton da asibitin Papworth. A shekarar 1968 Edwards ya ɗauke ta aiki a ɗakin bincikensa na Jami'ar Cambridge.

Aikin IVF

Steptoe yana garin Oldham a arewacin Ingila, inda yake ciro ƙwai daga jikin matan da suka kasa samun haihuwa. Saboda haka Purdy da Edwards sun shafe kusan shekara goma suna kai-komo tsakanin garuruwan biyu. Ita ce ke haɗa ruwan da ake renon ƙwan a ciki, tana kula da tsabtar kayan aiki, tana kuma rubuta sakamakon kowane gwaji. Akasarin gwaje-gwajen ba su yi nasara ba: wani lokaci ƙwan ya ƙi haɗuwa, wani lokaci dashen ya ƙi kamawa. A 1971 hukumar binciken lafiya ta Birtaniya ta ƙi ba su kuɗi, ga kuma suka daga wasu likitoci da malaman addini.

Purdy ce ta fara ganin ƙwayoyin ɗan tayin Lesley Brown suna rarrabuwa. Matar ta yi shekaru ba ta haihu ba saboda toshewar bututun mahaifa. Ranar 25 ga Yuli, 1978 ta haifi Louise Brown, jaririya ta farko a duniya da aka samu ta wannan hanya. A 1980 su ukun suka buɗe asibitin Bourn Hall kusa da Cambridge, Purdy ta zama daraktar sashen fasaha.

Rasuwa da karramawa

Ta rasu tana da shekara 39 sakamakon sankarar fata, aka binne ta a Grantchester.

An daɗe ba a ambatar sunanta yadda ya kamata, duk da cewa yana kan maƙalu 26 na binciken. Lokacin da hukumar lafiya ta Oldham ta shirya allon tunawa ba tare da sunanta ba, Edwards ya rubuta wasiƙar ƙorafi, amma ba a saurare shi ba. Shi kaɗai ya karɓi kyautar Nobel a 2010, domin ba a bai wa mamaci, kuma Steptoe ma ya rasu tun 1988. A 2018 Louise Brown ta halarci buɗe sabon dutsen tunawa a kabarinta.