Walt Disney, Wanda Ya Mai da Gwanaye Makaranta

Da wuya a sami wanda bai taɓa ganin ɓeran nan Mickey Mouse a majigi ko talabijin ba. To, tarihin maigidansa nake so in ba ku a taƙaice.

An haifi Walt Disney a birnin Shikago na Amurka ran 5 ga Disamba, 1901. Tun yana yaro yake son zane, amma bai kai gwani ba. Abokinsa Ub Iwerks ne ya zana Mickey a 1928. Baiwar Disney ta ido ce: yana duban zane zai gane ko da rai a cikinsa ko babu.

A majigi hotuna 24 ke wucewa cikin daƙiƙa ɗaya, shi ya sa zane ke motsi. Amma motsi daban, rai daban. Disney ya ga ma'aikatansa sun iya sa dabba ta yi tsalle, ba su iya nuna tsoro ko kunya a jikinta ba. A 1932 wani ma'aikacinsa, Art Babbitt, ya fara tara abokan aiki a gidansa da dare suna zana mutum mai rai. Da Disney ya ji, sai ya mai da ajin ma'aikatarsa, ya ɗauko malamin zane Don Graham daga makarantar Chouinard.

Nan ne abin ya fi burge ni. Manya masu albashi suka koma ɗalibai! Abin da ake nema shi ne a kama motsin mutum da 'yan layuka kaɗan: lanƙwasar baya, ƙafar da nauyi ya sauka a kanta, karkatar wuya. Ba ruwan mai zane da maɓallin riga tukuna. Mai baƙin ciki kafaɗunsa ke faɗa tun ba a ga fuskarsa ba. Har fim akan nuna musu a hankali don su ga yadda jiki ke shiri kafin ya yi jifa.

Da ya ce zai yi dogon fim na zane, mutane suka ce wauta ce, wa zai zauna fiye da sa'a guda yana kallon katun? Ya ci bashi mai yawa, aikin ya ci dala kusan miliyan ɗaya da rabi. Snow White ya fito a 1937, 'yan kallo suka yi ta hawaye saboda yarinyar da aka zana da fensir. Don fim ɗin Bambi na 1942 kuwa, barewa masu rai aka kawo ma'aikata.

Ba zan ce ba shi da laifi ba. Ma'aikatansa sun yi yajin aiki a 1941, ya kuma kori Babbitt ɗin nan da ya faro ajin. A ganina bai kyauta ba.

Ciwon dajin huhu ya yi ajalinsa ran 15 ga Disamba, 1966, yana da shekara 65.