Sarkin Katsina Sir Usman Nagogo (1905–1981), Gwarzon Filin Folo

Kowace shekara idan kwamitin wannan mujalla ya nemi in rubuta tarihin ɗaya daga cikin magabatanmu, nakan ɗauko malami ko alƙali, domin su ne na fi kusa da su a aikina. Bana kuwa na zaɓi sarki, kuma abin da ya ja ni gare shi wasa ne. A taronmu na bara na zauna da wasu samari daga cikin 'ya'yanmu da aka haifa a Kaduna da Legas da Abuja. Sun lissafa mini 'yan ƙwallon ƙafa na Ingila da Sifen ɗaya bayan ɗaya, har da lambar rigar kowa. Da na tambaye su ko sun san cewa garinsu ya taɓa fitar da ɗan wasan da Turawa suka sallama masa a wasan da su da kansu suka kawo ƙasar nan, sai suka yi shiru. Wannan shirun ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Asalinsa da Karatunsa

An haifi Usman Nagogo a Katsina a shekarar 1905. Mahaifinsa shi ne Muhammadu Dikko ɗan Durɓi Giɗaɗo, wanda a lokacin yake riƙe da sarautar Durɓi. A shekarar 1906 Turawa suka tuɓe Sarki Yero na gidan Dallazawa, suka ɗora Dikko a kan karaga, daga nan sarautar Katsina ta koma gidan Sulluɓawa inda take har yau. Ashe ke nan Nagogo ya buɗe ido ne a Gidan Korau, inda barga take cike da ingarmu, kuma yaro yakan san sirdi da linzami tun kafin ya san allo sosai.

Ya fara da karatun Alƙur'ani da na littattafan addini kamar sauran 'ya'yan sarakuna. A shekarar 1921 ya shiga makarantar lardi ta Katsina, kuma a cikin wannan shekara ce ya raka mahaifinsa tafiyar nan mai tarihi zuwa Ingila, inda suka gana da Sarki George na Biyar, sa'an nan Dikko ya zarce Makka ya sauke farali yana bisa gadon sarauta. Nagogo ya dawo ya ƙarasa makaranta a 1923. A 1929 aka ba shi shugabancin 'yan doka na En'e, a 1937 kuma aka naɗa shi Magajin Gari, wato hakimin birni. Duk waɗannan shekaru da yake koyon mulki, su ne kuma shekarun da yake gina sunansa a filin wasa.

Yadda Folo Ya Zo Katsina

Wasan ƙwallon doki, wanda muke kira folo, tsohon wasa ne da ya samo asali a ƙasar Farisa. Sojojin Ingila sun tsince shi a Indiya a ƙarni na 19, suka tsara masa dokoki, suka yaɗa shi duk inda mulkinsu ya kai. A Legas an kafa kulob ɗin folo tun 1904, daga baya wasan ya biyo hafsoshi da joji-joji zuwa barikokin Arewa. A farko wasan Turawa ne zalla. Aikin ɗan ƙasa a wurin bai wuce riƙe ragama da ba doki harawa ba.

Sarki Dikko mutum ne mai son doki da sukuwa, mai kuma son gwada sabon abu. Da ya ga wasan, sai ya gane cewa ginshiƙinsa hawan doki ne, abin da Katsinawa suka gada tun zamanin yaƙe-yaƙe da Maraɗi da Gobir. Zamanin mashi da takobi ya wuce, amma ga dawaki cike da barga, ga kuma samarin da suka iya sarrafa su. Saboda haka a shekarun 1920 ya sa aka tanadi fili, ya sa 'ya'yansa da fadawansa suka koyi wasan, ya tsaya musu da dawaki da abinci da masu kiwo. Ta haka Katsina ta zama wuri na farko da 'yan ƙasa suka haɗa ƙungiyar folo tasu ta kansu mai ƙarfin karawa da ta Turawa. A cikin waɗannan samari, Usman Nagogo ne ya yi zarra.

Abin da Lamba Bakwai Take Nufi

Domin mai karatu ya fahimci girman abin da Nagogo ya yi, ya kamata in ɗan bayyana yadda wasan yake. Ana buga shi ne mutum huɗu a kowane ɓangare, a fili mai tsawon yadi 300 da faɗin yadi 160, wanda zai haɗiye filin ƙwallon ƙafa da yawa. Kowane ɗan wasa yana riƙe da doguwar sanda mai kan katako a hannun dama, linzami kuwa a hagu. Ana raba wasan zango-zango, kowane zango minti 7, kuma saboda tsananin gudu da birki da juyi, dole a riƙa sauya doki. Don haka ɗan wasa guda yana bukatar dawaki da dama, kowanne a hore. Akwai kuma doka mai tsanani game da layin da ƙwallo ta bi: wanda ya gitta gaban mai haƙƙin layi ya yi laifi, domin karon dawaki biyu a guje yana iya kashe mutum.

A wannan wasa akwai ma'aunin gwaninta da hukumar wasan take ba kowane ɗan wasa bayan ta lura da hawansa, da bugunsa, da sanin dabarunsa, da irin dawakinsa. Ma'aunin yana farawa daga maki biyu ƙasa da sifiri, ya ƙare a 10. Mafi yawan masu buga folo a duniya sukan ƙare rayuwarsu ba su wuce 2 ba. Wanda ya kai 5 ana lissafa shi cikin ƙwararru. Masu 10 kuwa ba su cika wuce a ƙirga su da yatsu ba a kowane zamani, kuma galibinsu daga Ajantina suke fitowa.

Usman Nagogo ya kai 7. Har ya ajiye sanda babu ɗan ƙasar nan da ya taka wannan matsayi. Abin lura a nan shi ne ba a gadon wannan lamba, ba a kuma bayar da ita don girmama rawani. Hasali ma nauyi ce a kan mai ita, domin idan aka haɗa makin 'yan wasan kowane ɓangare, ɓangaren da ya gaza akan ba shi ƙwallaye na rangwame tun kafin a fara. Wato duk lokacin da Nagogo ya shiga irin wannan gasa, kuma jimillar makin ɓangarensa ta fi ta abokan karawa, ƙungiyarsa tana farawa ne da bashi a wuyanta, sai ta biya kafin ta ci riba.

Da shi a tsakiyarsu, 'yan wasan Katsina suka riƙa zuwa Kaduna da sauran garuruwa suna karawa da ƙungiyoyin hafsoshin soja da na ma'aikatan mulki, suna dawowa da kofuna, ciki har da Kofin Georgian wanda ake gasa a kansa tun 1919, wanda kuma shi ne mafi daraja a ƙasar nan. Sai mu tuna da irin zamanin da wannan ya faru. Lokaci ne da talaka yake durƙusa wa joji a hanya, sarki da kansa yake jiran amincewar Razdan. Amma idan an shiga fili an jefa ƙwallo, dokar wasa ɗaya ce ga kowa, kuma ɗan Katsina yana iya goga kafaɗa da Bature a guje ya ture shi daga layi, jama'a suna kallo suna sowa. Dattawan da muka taras sukan ba da labarin waɗannan ranaku da fara'a irin wadda ba sukan yi ba idan suna maganar haraji ko aikin tilas.

Sarauta da Hidimar Ƙasa

Sarki Dikko ya rasu a 1944, Nagogo ya gaje shi, aka ba shi sanda a ranar 19 ga Mayu na wannan shekara. Yaƙin Duniya na Biyu yana ci a lokacin, kuma dubban 'yan Arewa suna fagen fama a Bama. Kafin yaƙin ya ƙare a 1945, sabon sarki ya yi doguwar tafiya har Indiya da Bama domin ya gana da su, ya ƙarfafa musu gwiwa.

A 1952, da aka kafa majalisar ministoci ta tsakiya a Legas, yana cikin mutum huɗu da Arewa ta tura, tare da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Muhammadu Ribaɗu da Shettima Kashim Ibrahim. Shi ne minista marar ofishi. Daga baya ya riƙe irin wannan muƙami a gwamnatin Jihar Arewa, kuma Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma ta Sir. Duk da waɗannan nauye-nauye bai rabu da doki ba. Ya zama shugaban Ƙungiyar Folo ta Nijeriya na tsawon rai, kuma a hannunsa ne wasan ya tsallake lokacin da Turawa suka tattara suka tafi bayan 1960. Wasanni da yawa na bariki sun mutu da tafiyarsu. Folo ya rayu saboda ya riga ya sami gida a Katsina, ya sami kuma mai riƙe da shi.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ɗansa Muhammadu Kabir, wanda ya gaje shi ya yi sarauta daga 1981 zuwa 2008, gwanin folo ne. Haka kuma Janar Hassan Usman Katsina, gwamnan soja na Jihar Arewa daga 1966 zuwa 1967, wanda ya riƙe wasan ya kuma jagoranci harkarsa har rasuwarsa a 1995. Har yau akwai Kofin Sarkin Katsina cikin manyan kofunan da ake gasa a kansu.

Rasuwarsa

Mu da muka taso a shekarun 1970 mun riski Nagogo ne yana dattijo. Ni kaina ban ga ƙuruciyarsa a fili ba, amma na gan shi a Hawan Sallah da Hawan Bariki ina ɗalibi a kwalejin horon malamai. Abin da ban manta ba shi ne zamansa a kan sirdi. Ga tambura, ga bindigogi, ga mahaya suna zuwa jahi a guje suna cin birki a gabansa, amma dokinsa yana tsaye cak kamar an dasa shi, linzami kuwa sakwa-sakwa a hannunsa. Ko wanda bai san doki ba ya ga wannan ya san an daɗe ana tare.

Allah ya karɓi ransa a ranar 18 ga Maris, 1981, bayan shekara 37 a kan karaga. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya sa Aljanna ce makomarsa.

Aikin da Ya Rage Mana

A ƙasashen da suka san darajar tarihinsu, irin wannan rayuwa da tuni an yi mata fim na tarihi ana nuna wa yara. Kayan aikin kuwa suna nan. Malam Bello Kagara ya rubuta tarihin Sarki Dikko da Hausa. Farfesa Moses Ochonu ya fitar da littafi a 2022 kan tafiye-tafiyen sarakunanmu zuwa Ingila, inda Dikko ya sami kaso mai yawa. Akwai kofuna da tsofaffin hotuna a fada da gidajen zuriya, akwai kuma takardu a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna.

Abin da ba ya cikin takarda shi ne ya fi damuna. Bayan kowane gwanin folo akwai mutanen da suka tashi da asuba suka share barga, suka jiƙa dusa da kanwa, suka fita kilisa, suka hore doki har ya daina tsoron sanda da ƙwallo. Akwai baduku masu ɗinka sirdi da gyaran majayi, da maƙera masu linzami da likkafa, da dillalan da suka san inda ake samo doki mai ƙafa. Su ne suka san wane akawal ne ya fi juyi, wane kili ne ya fi gudu, da yadda ake kai dawaki Kaduna a zamanin da ba kwalta. Ba a rubuta sunayensu a jikin kofi ba. Waɗanda suka yi aiki da Nagogo a ƙuruciyarsa sun riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansu da suka ji daga bakinsu kuwa yau sun tsufa. Kowace shekara da ta wuce tana tafiya da wani sashe na labarin.

Saboda haka ina roƙon shugabannin ƙungiyarmu su kafa ɗan ƙaramin kwamiti, da izinin fada, wanda zai zagaya unguwanni ya ɗauki muryoyin dattawan nan da hotunansu. Ba aiki ne mai cin kuɗi ba, wayar da ke aljihun kowannenmu ta isa a fara. Waɗanda suke aiki a gidajen rediyo da talabijin su ba da ƙwarewarsu, masu hali su ba da abin sufuri, wanda yake da tsohon hoto a akwati ya fito da shi a kwafa a mayar masa. Ku kuma 'yan uwa da ke zaune a birane, idan kun zo gida hutu a lokacin gasa, ku kama hannun 'ya'yanku ku kai su filin folo, ku nuna musu inda kakanninsu suka yi suna. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ja zamanin Sarki, ya zaunar da Katsina lafiya, amin.