Tarihin Dokta William Balfour Baikie (1825–1864)

An haifi William Balfour Baikie a garin Kirkwall na ƙasar Sikotland a shekarar 1825. Ya yi karatun likita a Jami'ar Edinbara, sannan ya shiga rundunar sojan ruwa ta Birtaniya a 1848.

A 1854 aka tura shi kogin Kwara da Binuwai a jirgin ruwa mai suna Pleiad. Da jagoran tafiyar, John Beecroft, ya rasu, sai ragamar ta koma hannunsa. Ya sa mutanensa shan kwinin a kai a kai, suka dawo ba wanda zazzaɓi ya kashe. Wannan nasara ta ƙara wa Turawa ƙarfin gwiwar kutsowa cikin ƙasashenmu, abin da daga baya ya share fagen mulkin mallaka.

A tafiyarsa ta biyu, a 1857, jirginsa Dayspring ya fashe kusa da Jebba. Maimakon ya koma gida, sai ya zauna a Lokoja, ya buɗe kasuwa, yana kuma duba marasa lafiya. A 1862 ya kai ziyara Kano.

Abin da ya fi shafar ɗalibin harshe shi ne aikinsa na tattara kalmomin harsuna kusan 50, da fassara sassan Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, tun kafin a daidaita rubutun boko. A harshen Ibo ma, ana danganta kalmar bekee, wato Bature, da sunansa.

Ya rasu a Saliyo a watan Disamba na 1864, yana kan hanyar komawa gida, yana da shekara 39.